Katin Injin Busarwa

Injin busarwa na biyu ya kama da wuta ranar Laraba da rana. Ya cinye zannuwan gado arba'in da wani abu, ya bar ɗakin wankin asibitin yana warin ƙauri har ƙarshen mako. Asibiti kuwa ba ya barin asara ta tafi ba uba, don haka kafin hayaƙin ya gama fita ta taga an riga an nemo mata uba: Baba Mai Guga, wanda teburin gugarsa ke ɗaki ɗaya da injinan, kuma shi ke sa musu ido. Aka dakatar da shi nan take, aka ce ya zauna a gida sai kwamiti ya neme shi. Saura wata bakwai ya yi ritaya.

Uwar Wanki, shugabar sashen, ba ta nan lokacin da abin ya faru, tana can bene ana wani taro da ba shi da kai balle ƙafa. Amma ita aka ɗora wa rubuta rahoto, kuma kowa ya san abin da take sa wa hannu shi kwamiti zai bi. In ta rubuta sakaci, Baba ya tafi gida ke nan da takardar kora bayan shekara talatin da ɗaya yana goge zannuwan marasa lafiya.

A gaskiya tsohon bai kwanta mata a rai ba. Mutum ne mai baƙar magana, ka gaishe shi ya amsa kamar an sa shi dole, ka gyara masa aiki ya ce tun kana goye yake wannan sana'a. Da aka miƙo mata takardun shaidu uku ranar Litinin, mata biyu na sashen da makanikin asibiti, duk suna cewa ya bar inji yana gudu ya fita, ba ta ji wani tausayi ya kama ta ba. Ta sa su a aljihun rigar aiki ta ce in ta gama darasi za ta sa hannu.

Darasin nan shi ne abin dariyar sashen shekara biyu ke nan. Tana da shekara arba'in da shida ta shiga karatun tarihi daga nesa, a waya, ba aji ba allo. Yayanta ya ce da ma jinya ta karanta da ya gane, amma tarihi? Waɗanda suka mutu sun mutu, me za su ƙara mata? Matan ɗakin wanki suka laƙaba mata Farfesa. Ita kuwa ko a jikinta. Takan ce gemu ba ya hana ilimi, balle ita da ba ta da shi. Kullum in an tashi hutun rana sai ta ɗauko wayarta daga durowa, ta shige ɗakin ajiyar kaya masu tsabta, ta zauna kan tulin tawul, ta toshe kunne. Rabin awa ce, amma tata ce ita kaɗai, kuma ba ta taɓa samun abin da ya zama nata kamar wannan ba.

Malamar da ke koya musu auna hujja ba ta taɓa haɗuwa da ita ba, muryarta kawai ta sani, da 'yar fuska a kusurwar waya. Mace ce marar saurin yarda. Tun farkon zango take nanata musu cewa takarda ba ta faɗo daga sama ba, mutum ne ya rubuta ta. Saboda haka kowace takarda a yi mata tambaya uku: wa ya rubuta, a ina yake tsaye lokacin, kuma me zai samu ko ya rasa in an yarda da shi. Uwar Wanki ta yi wa wasiƙun sarakuna da rahotannin 'yan kasuwar da suka mutu ɗaruruwan shekaru wannan tambaya har ta zame mata jiki. Ranar nan da darasi ya ƙare ta zaro takardun uku ta buɗe biro, sai ta ga idonta ya ƙi wucewa daga layin farko.

Duk ukun sun ce da ƙarfe biyu da minti goma Baba ya fita.

Ta ɗaga kai tana tunani. Agogon bangon ɗakin wanki ya tsaya tun bara, an yi ta rubuta takarda a gyara har an gaji. Waya kuwa ita da kanta ta hana shiga da ita wurin aiki. Mutanenta ba sa ma lissafin lokaci da agogo. Cewa suke kafin keken ɗakin haihuwa ya sauko, ko bayan an kawo kayan tiyata. To wa ya ga minti goma?

Ta fara da matan biyu, Doguwa da Amarya, wadda aka yi bikinta shekara ashirin da suka wuce amma sunan ya ƙi sakinta. Ba ta tsorata su ba, tambaya ɗaya ta yi musu: ina kuke tsaye? Suka ce a wajen injinan wanki, bayan bango. Me suka gani? Hayaƙi. Doguwa ta ce ita ta yi ihu, Amarya ta ce ita ta fara. Fitar Baba fa? Nan suka kalli juna. Amarya ta ce ai makaniki ne ya faɗa musu, kuma da aka ce kowa ya rubuta abin da ya sani, abin da suka sani ke nan. Ba su ɗauka ƙarya suka yi ba, kuma in an bi ta tsakani da Allah ba ƙarya suka nufa ba.

Makaniki ta same shi a ɗakin janareto, hannu duk baƙin mai. Shi ma bai ɓoye komai ba. Ihu ya ji, ya duba agogon hannunsa, ya rugo. Da ya iso ya tarar da tsohon a waje, a bakin ƙofa, ya duƙa yana tari. Mutumin da ya kamata a ce yana ciki ga shi a waje, me kuma ya rage? Sannan ya ƙara da cewa injin lafiyarsa ƙalau, domin katin da ke rataye a bakin ƙofa ya nuna an share ragarsa mai tare ɓurɓushin auduga a safiyar ranar. In raga tsaf take, ɓurɓushin auduga bai taru ba, to wuta ba ta tashi haka kawai sai an bar kaya sun wuce lokaci.

Ta fito tana jin kanta ya yi girma. Shaidu uku sun koma ɗaya, shi ma ɗayan ƙofa kawai ya gani. Ta so a ce Yaya na kusa ta tambaye shi ko matattun nan sun ƙara mata wani abu ko ba su ƙara ba. Da wannan jin daɗin ta nufi ɗakin busarwa ta zare katin daga ƙusa, don ta cika aiki, ta yi masa tambayoyin nan uku shi ma.

Wa ya rubuta? Ita. Ga sa hannunta a kowane gida na katin, kowace rana da gidanta. Litinin an share, Talata an share, Laraba an share. Alhamis, Juma'a da Asabar ma an share, a injin da ya zama gawayi tun Laraba da rana.

Ta daɗe a tsaye da katin a hannu. Haka ta gaji aikin daga shugabar da ta riga ta. Mai duba aiki yakan faɗo ba sanarwa, kuma ba abin da ke ɓata masa rai kamar gida babu komai a kati. Sai aka saba ranar Litinin da safe a cike mako gaba ɗaya a huta. Ragar kuwa ana share ta, in wani ya tuna. Yaushe aka share ta na ƙarshe? Ta tambayi Doguwa, Doguwa ta ce ta ɗauka Amarya ce ke yi. Amarya ta ce ta ɗauka Baba ne. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ga shi ta taka nata shekara tara tana hango na wasu.

Da yamma ta tarar da maigidanta a ƙofar gida yana wanke motar da yake tuƙawa. Ta kwashe komai ta faɗa masa. Mutum ne mai sonta, kuma mai son zaman lafiya, don haka ya ce ta gaya wa kwamiti shaidu ba su gani ba, ta tsaya nan. Kati kuma ba wanda ya tambaye ta, ta mayar da shi inda ta ɗauko, ko ta bari ya ɓata kamar yadda takardu ke ɓata a kowane ofis.

Ta ce ta yi wannan tunanin tun a mota. Amma muddin katin na nan a matsayin gaskiya, injin ba shi da laifi, in inji ba shi da laifi kuwa, tsohon ne zai ɗauka.

"Ko da yake ba kya sonsa?" in ji shi.

"Ba a tambaye ni wa nake so ba, maigida. Abin da ya faru aka tambaye ni."

Ya matse tsumma ya ce wannan karatu nata zai ja musu. Ta ce ya riga ya ja. Tsoro kam tana ji, ta kuma faɗa masa tana ji, domin ta san kujerarta za ta iya tafiya. Sai dai ta kai inda in ta ga takarda ta san yadda aka yi ta, kuma ba ta iya mayar da idonta yadda yake a da.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna a ƙaramin ɗakin taro na bene, mutum uku a bayan dogon tebur, magatakardan asibiti a tsakiya. Takardar korar tana gabansa, an riga an buga, sa hannu kawai take jira. Uwar Wanki ba ta yi doguwar magana ba. Ta shimfiɗa takardun uku, ta nuna musu lokacin, ta gaya musu zancen agogo, da bangon da ya tare matan, da ƙofar da makaniki ya gani. Magatakarda ya gyara tabarau ya ce duk ya ji, amma ai akwai katin gyara, ya wanke injin daga laifi.

Ta ɗora katin a gabansa ta sa yatsa a kan Asabar.

Ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Kin san abin da kike gaya mana? Wannan kanki zai hau."

"Na sani, ranka ya daɗe. Hannuna ne. Ku rubuta shi yadda yake."

Ya ce za a rubuta, kuma ta shirya karɓar takardarta ita ma. Ta ce ta shirya. Sannan ta ce akwai abu ɗaya da ya rage. An karɓi bayanin mutum uku da ba sa cikin ɗakin, amma mutum ɗaya da ke ciki ba a karɓi nasa ba, ga shi can a kan benci tun safe yana jiran a miƙa masa hukunci.

Aka kira Baba Mai Guga. Ya shigo da fuskar nan tasa ta kullum, bai gaishe da kowa yadda ya kamata ba, ya ƙi zama, hannayensa a bayansa. Magatakarda ya ce ya faɗi abin da ya gani. Baba ya ce yana guga ya ji wari, ya juya ya ga hayaƙi na fita ta ƙasan injin, wajen raga. Ya kashe makunni, ya buɗe murfi, wuta ta yo waje. Tulin zannuwan da aka gama gogewa na kusa, kuma a bayan bangon da injin ke jingine akwai ɗakin tukwanen iskar marasa lafiya. Sai ya riƙa jan masu cin wuta yana watsarwa tsakiyar ɗaki, nesa da bango, har hayaƙi ya fi ƙarfinsa ya fito.

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ta tambaye shi da me ya ja su.

Baba ya fito da hannayensa. An naɗe su da tsohon bandeji da ya yi ruwan ƙasa, yatsun da suka leƙo sun kumbura, fatar ta saɓule. Uwar Wanki ta ji hawaye sun zo mata, na kunya, domin kwana takwas ke nan ita ma ba ta taka ta je ta gan shi ba.

Magatakarda ya ture takardar korar gefe, ya ce a kira ma'aikaciyar jinya yanzu yanzu. Sannan ya juyo ga tsohon, muryarsa ta sauka.

"Baba, a cikin asibiti kake aiki. Me ya sa ba ka nuna wa kowa ba?"

Tsohon ya dubi hannayensa, ya dubi mutanen da ke bayan tebur.

"Na tsaya a bakin ofis ranar, zan nuna. Aka ce in tafi gida, za a neme ni."