Ƙasar da Ake Ajiye Ƙugiya a Ƙofa

Jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu ɗacinsa bai bar bakina ba.

Sana'ata gina shafukan intanet. Wata bakwai ke nan da mahaifina, Malam Ɗantani, ya fita sallar la'asar a Funtuwa bai dawo ba. Da ma tsufa ya fara cinye masa sunayen mutane. Na gina masa shafin cigiya wanda ya fi duk aikin da na taɓa yi kyau, da hotonsa da lambar wayata, amma shiru kake ji, ko kiran kuskure ban samu ba. To, a mafarkin nan sai ga ni a cikin shafin, ina tafe a ƙasa.

Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi ya nufi sama, don haka kowa ya kife lemarsa yana tafiya a kanta. A bakin ƙofa wata akuya mai tabarau ta tare ni.

Ta ce, "Malam, ajiye ƙugiya."

"Wace ƙugiya?"

"Ta bakinka. Salon rubutun da aka gina garin nan da shi bai san su ba."

Ta sa kofato a bakina ta zare ƙugiyar ƙ da ta ɗ da ta ɓ, ta rataye su a jikin ƙusa. Nasu na ma'aikata ba a karɓewa. Na ɗaga kai na dubi allon ƙofar, sai na gane rubutun. Ni na zaɓe shi da hannuna don ya yi mini kyau a ido, ban tsaya na gwada ko yana ɗaukar haruffanmu ba.

Na ce, "Wace kasa ce wannan?"

Ta ce, "Ka faɗa da bakinka. Nan kowa kasawa yake yi."

Sai ga ni a ofishin shugaban bincike, wani bunsuru mai gemu har ƙirji, yana cin takardun da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa.

"Yallabai, mahaifina ya bata."

"Ya ba ta me?"

"A'a, bata ya yi."

"Ita wa? Malam, mu nan ba ma shiga sha'anin iyali."

Na miƙa masa hoton. Ya ɗora shi a sikeli ya girgiza kai, ya ce shafina ya yi nauyi, shi ya sa ba ya buɗewa da wuri. Wasu awaki biyu suka zo suka yi ta matse hoton har fuskar Baba ta koma kamar ƙwayar gero. Suka ce yanzu kam shafin zai buɗe kafin ƙiftawar ido. Gaskiyarsu ne, sai dai ba mai gane wanda ke ciki.

Bunsurun ya ce, "Shawara ta biyu, ka riƙa sa sabon rubutu kullum. Masu karatu ba sa son tsohon labari. Ba ka da wani uban da ya ɓace kwanan nan?"

Na ce shi ke nan gare ni.

"To, je ka shafi na biyu. Duk abin da aka daina nema, can muke zuba shi."

Duk mai sana'armu ya san shafi na biyu na sakamakon bincike, wurin da ba mai leƙawa.

Fili ne fetal, ba motsin kowa. Shafukan da masu su suka watsar suna tsaye kamar kangaye, kowanne da rubutu guda a goshinsa: barka da zuwa, wannan ne rubutuna na farko. A gindin ɗaya daga cikinsu na hango Baba zaune a kan buzu, da butarsa a gefe, da farar hular da ya fita da ita. Bai rame ba. Na ruga na zube a gabansa.

Ya ce, "Samari, an kira la'asar?"

"Baba, ni ne."

"Kai wa?"

Na san sunana ba zai yi amfani ba, tun bara ya sulluɓe masa. Kalma guda ta rage da yake ganewa. Ko a gida idan ya rikice, da ita nake dawo da shi.

Na ce, "Baba, kana da da."

"Ina da da me?"

"Ni ne da."

"Kai ne da wa?"

Na sake faɗa. Na danna harshe a dasashi, na matse maƙogwaro, amma abin da ya fito shi ne dai. Baba ya karkata kai yana jira, da irin haƙurin da ya koya mini karatu da shi.

"Ci gaba mana, samari. Ba a barin magana a rataye."

Na tashi a guje na koma bakin ƙofa. Na tarar da akuyar tana tauna, ƙusar kuma wayam. Ta ce an tashi cin abincin rana ne.

Da na dawo, wata 'yar da'ira, irin wadda ke fitowa idan shafi yana ƙoƙarin buɗewa, tana ta juyawa a saman kan Baba. Ya ɗauki butarsa ya ce, "Idan ka tuna da wa kake, ka dawo." Hawayena suna tashi sama tare da ruwan, ko ɗigo ɗaya bai sauka inda zai gani ba. Da'irar ta tsaya. Inda yake zaune sai farin fili da layi guda: ba a sami wannan shafi ba. Ban taɓa jin na mutu ina tsaye ba sai a lokacin.

Bugun ƙofar gida ne ya tashe ni, sau uku, a hankali. Na fita ba takalmi, na zare sakata.

Mai ruwa ne da kurarsa. Ya ce, "Jarka nawa yau?"

Na daɗe ina kallon titi ta bayan kafaɗarsa kafin na ce biyu.