Maganar Hannu ta 'Yan Masaƙa

Phoebe tana da wata ƙa'ida tun tana jami'a: ba ta yi wa mutum tambaya sai ta karance duk abin da aka rubuta a kan batun. To, da ta fara littafinta kan masaƙun Kakuri da suka durƙushe, kullum sai ta tsallaka gada zuwa ɗakin adana tarihi, ta wuni cikin tsofaffin jaridu. Mahaifinta kuwa, Baba Shekari, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa, yana gida a Mahuta yana jiran layi ya zo kansa. Yakan tsokane ta, wai ga kogi a ƙofar gida amma ita rijiya take haƙa. Ita kuma ta ce ya bari ta shirya tukuna, ai shi na gida ne.

Ba ta gama shirin ba shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Hannu ɗaya ya rage masa, shi ma ba ya zama wuri guda, ta ɗauka rawar ciwo ce. Kewar muryarsa ta addabe ta, har da tsokanar.

Wata Lahadi bayan coci, Malam Zakariyya'u, tsohon abokin aikinsa, ya zo dubiya daga Makera. Yana ganin hannun ya kwashe da dariya, ya mayar masa da amsa da nasa hannun. Ashe ƙarar injuna ba ta barin kowa ya ji kowa, don haka da hannu suke zance a wurin aiki. Baba cewa yake Malam ya yi tumbi.

Phoebe ta durƙusa gefen gadon Baba. Ta roƙi Malam ya zame mata tafinta, ya tambayi Baba yadda ya ji ranar da aka rufe ƙofar masaƙa, da inda ya fara ganin marigayiya mahaifiyarta.

Malam ya ɗaga hannu, ya tsaya, sannan ya sauke shi a hankali. Ya ce alamun nasu ba yawa: zare ya tsinke, oga na tafe, yunwa, an tashi, jira ni a get, wato ƙofar masaƙa.

"Waɗannan da kike so, 'yata, ba mu yi musu alama ba. Su sai da baki, a hanyar komawa gida."