Iyafis a Motar Tsafe

Ɗan kamasho ya danna ƙofar da gwiwa har ta rufu, ya bugi bayan motar sau biyu. Shehu direba ya ja ta suka fita daga tashar Gusau da hantsi, mutum huɗu a baya, ɗaya a gaba ya biya kuɗin kujera biyu don kada a matse shi.

Sati na uku ke nan da aka katse sabis ɗin waya a duk faɗin jihar saboda ɓarayin daji. Yusha'u mai gyaran waya ne a Tudun Wada, kuma tun da aka katse, kusan aiki ɗaya ake kawo masa: ramin iyafis. Wayar da ba ta kira ta koma rediyo, rediyon waya kuwa ba ya kamawa sai an cusa iyafis mai igiya, domin igiyar ce eriyarsa. Ya share ramuka sun fi ɗari a sati ukun nan. Yau ya rufe shago ne don ya je Tsafe ya ga mahaifiyarsa, tunda babu wata hanyar jin lafiyarta sai da ƙafa.

Tsohon da ke gefensa siriri ne, fari, da ganinsa an ga Bafulatani. Ya ce wa ɗan kamasho sunansa Buba lokacin da ake rubuta sunayen fasinja. Tun kafin mota ta tashi ya zaro waya mai fasasshen gilashi da sabon iyafis fari wanda ko lanƙwasar kwali bai saki ba. Ya cusa shi, ya daddanna. Yusha'u ya ga lambobin tashar rediyo ɓaro-ɓaro a fuskar wayar kafin tsohon ya jefa ta a aljihun gaba ya toshe kunnuwansa biyu.

Ba su yi nisa ba Hajiya Ladidi, mai sayar da atamfa da ke zaune a bakin ɗaya ƙofar, ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗar na gaba.

"Alhaji Ibrahim," ta ce ƙasa-ƙasa, "dubi wanga mutum. Bakinsa na motsi."

Alhaji Ibrahim, dillalin hatsi, ya juyo da wuyansa da ƙyar. Leɓen Buba na motsi kuwa, idanunsa a kan hanya.

"Malam, da wa kake magana?"

Buba bai ji ba.

"Ka gani ko," in ji Ladidi. "Ni tawa wayar tana cikin akwati sati uku, ko ƙara ba ta yi. Shi tasa mi ta fi tamu?"

"An ce suna da hanyarsu," in ji Shehu direba, idonsa a madubi. "Da irin igiyar nan suke jawo sabis ɗin Nijar. Wani yaron motarmu ya gani da idonsa."

Ladidi ta ce, "Haka aka tare su Alhaji Khalid a watan jiya. Infoma na cikin motar, yana faɗin inda suka kai, ƙauye bayan ƙauye."

Yusha'u ya san ƙarya ce. Babu igiyar da ke jawo sabis daga ko'ina, kuma kalma biyar ta isa ta kashe maganar. Ya buɗe baki, sai ya tuna cewa bai san kowa a motar ba. Wanda ya kare infoma, infoma ne. Haka ake lissafi yanzu a tasha da kasuwa har da ƙofar masallaci. Ya kuma ce wa kansa, jin rediyo ai ba ya hana mutum zama infoma. Wa ya san tsohon? Wa ya san Hajiyar ma, da take ta ƙirga ƙauyuka? Ya rufe bakinsa ya kalli gonakin dawa da ke wucewa, rabinsu ciyawa ta cinye don masu su sun daina zuwa.

Na huɗunsu a baya, wani mai farar hula, ya rufe ido kamar mai barci. Yusha'u ya ga yadda yake haɗiyar yawu.

Bayan sun wuce Kwatarkwashi, a bakin wani ƙauye, 'yan sintiri sun gitta katako mai ƙusoshi a kan titi. Su bakwai ne ko takwas, da bindigogin toka da gorori. Shugabansu, wani dogo mai suna Labbo, ya san Shehu, har ya ɗaga hannu a janye katakon. Alhaji Ibrahim ya leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe, akwai wanda ya kamata ku duba a baya. Tun daga Gusau yake waya."

"Waya?" in ji Labbo. "A ina ya samu sabis?"

"Shi za ku tambaya."

Aka buɗe ƙofa. Sai da Yusha'u ya fito kafin a jawo tsohon, don haka ya tsaya a gefen mota yana kallo. Buba ya cire iyafis daga kunne ɗaya, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya, samari?"

"Da wa kake magana?" in ji Labbo.

"Ba ni magana da kowa. Rediyo ce nike ji."

"Bakinka fa da ke motsi?" Ladidi ta jefo daga cikin mota.

"Addu'a ce, Hajiya."

Wani daga cikin samarin ya yi dariya. Labbo bai yi ba. Ya zaro wayar daga aljihun tsohon ya ɗaga ta sama.

"In rediyo ce, ai ba abin ɓoyo ba ne. Mu cire igiyar kowa ya ji."

Ya fizge iyafis ɗin daga raminsa. Aka yi tsit ana jira. Wayar ba ta ce komai ba, sai wani rubutun Turanci da ya fito a fuskarta. Yusha'u na iya karanta shi daga inda yake: wayar na neman a mayar da iyafis.

"Ya katse," in ji Alhaji Ibrahim. "Na can ya ji an kama shi, ya kashe."

"Wallahi rediyo ce," in ji Buba. "Yau da safe na saye ta, igiyar. Mai shagon ya ce in an sa ta rediyo za ta yi. Ban san komi ba bayan wannan."

Labbo ya mayar da igiyar, ya danna inda tsohon ya nuna masa, ya sa ɗaya a kunnensa. Fuskarsa ta canja a hankali.

"Fillanci ne," ya ce. "Namiji ne ke magana. Yana kiran sunayen garuruwa. Na ji Bungudu, na ji Rawayya."

Marin farko daga baya ya zo, hular Buba ta faɗi cikin kwata. Mutanen ƙauyen suka fara taruwa, masu sayar da rake da masu faci, har da mata a bakin zaure. Wani ya kawo igiyar ɗaure akuya. Labbo ya ce a kai shi bayan makaranta a yi masa tambayoyi, kuma babu wanda ke wurin da bai san cewa waɗanda ake kaiwa bayan makaranta ba sa dawowa su hau mota ba.

"Ku shiga mu tafi," in ji Shehu direba. "Rana na yi. Su sun san aikinsu."

Mai farar hula ya riga ya gyara zama, ya samu fili. Yusha'u ya sa ƙafa ɗaya cikin mota. Ya ji Buba na cewa, ba da ƙarfi ba, "Ku bari in ji ƙarshen shirin, don Allah. Sannan ku yi abin da za ku yi."

Yusha'u ya fitar da ƙafar.

"Malam Labbo, ba ni wayar nan minti ɗaya."

Duk suka juyo.

"Kai kuma wane ne? Ɗan'uwanka ne?"

"Ban taɓa ganinsa ba sai yau. Gyaran waya nake yi a Gusau. Rediyon waya ba ya aiki sai da igiyar. Ita ke kamo tashar. In ka cire ta dole ya mutu."

"Kun ji ko," in ji Shehu. "Ita ke kamowa. Abin da na faɗa ke nan."

"Tashar rediyo take kamowa, ba sabis ba."

"Tare suke," wata murya ta ce daga cikin taron. "Kusa da juna suka zauna."

Wani saurayi ya matso ta hagun Yusha'u da gora. Labbo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo wayar, amma bai saki igiyar ba, ya riƙe ta kamar linzami.

Yusha'u ya danna alamar lasifika. Muryar Fillancin ta fito fili. Taron ya yi gurnani ya matso. Ya yi maza ya ja lambobin gaba. Shuuu, shuuu, sannan muryar wata mata da duk jihar ta sani, tana karanta farashin taki da Hausa. Ya sake ja, aka ji tallar maganin sauro. Ya cire igiyar, shiru. Ya mayar, tallar ta ci gaba daga inda ta kai.

"Wa ke da waya a nan?" in ji Yusha'u. "Kowace iri."

Saurayin mai gora ya duba Labbo, sannan ya laluba aljihu ya fito da tasa. Yusha'u ya ce ya buɗe rediyo da hannunsa. Ya buɗe, irin rubutun nan ya fito. Aka cusa masa iyafis ɗin Buba, aka danna lasifika, matar nan mai karanta farashin taki ta dawo.

"Wallahi tawa ma haka take yi," in ji saurayin, yana murmushi kamar an nuna masa dabo. "Ashe shi ya sa ta ƙi yi mini tun rannan."

Wasu suka yi dariya. Mai igiyar akuya ya naɗe abarsa ya koma wajen rakensa. Labbo ya karɓi wayar Buba da igiyar ya miƙa wa tsohon.

"Baba, ka riƙa kula. Yanzu ba lokacin sa abu a kunne ba ne."

Iyakar abin da aka ce masa ke nan. Wani ya tsamo hular daga kwata ya ba shi tana ɗiga. Aka janye katako.

A cikin mota Alhaji Ibrahim ya ce gara a bincika a ga babu, da a yi shiru a ga akwai. Hajiya Ladidi ta ce ai ita tambaya kawai ta yi. Shehu ya ce shi dai har gobe bai yarda da igiyoyin nan ba. Daga nan suka koma maganar tsadar mai.

Buba ya riƙe wayar a cinyarsa, leɓensa na sama ya kumbura. Ya miƙo wa Yusha'u.

"Mayar mini inda take."

Yusha'u ya ja lambobin baya. Shirin Fillancin ya ƙare, an sa kiɗa.

"Me kake jira a ciki, Baba?"

Tsohon ya ce kwana goma sha ɗaya da suka wuce aka tashe su daga rugarsu a bayan Bungudu, kowa ya yi ta kansa. Matarsa Hanatu da 'yarsu Hussaina suka bi wata hanya, shi ya bi wata. Jiya ya kai cigiya gidan rediyo, aka ce za a karanta a shirin yau, a faɗa musu su same shi a gidan ƙanensa a Tsafe.

"Ana cikin karanta na mutane aka fitar da ni. Ban sani ba ko an kai ga nawa."

Ladidi ta gyara mayafinta ta juya ga taga.

"Suna maimaitawa," in ji Yusha'u. "Yawanci suna maimaitawa da la'asar."

"To."

Buba ya kashe rediyon, ya zare igiyar, ya shiga naɗe ta a yatsu biyu a hankali. Sai da ya gama ya dubi Yusha'u sosai, karo na farko tun da suka baro Gusau.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma in tambaye ka. Yaushe ka gane rediyo ce?"

Yusha'u ya so ya ce a shingen, lokacin da rubutun ya fito. Babu mai ƙaryata shi.

"Tun a tasha, Baba. Na ga lambobin."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya taɓa leɓensa da bayan hannu, ya duba ko akwai jini.

"Su waɗanga tsorona suka ji," ya ce. "Ban riƙe su ba. Kai da ka sani, mi ka ji?"

Motar ta rage gudu, rumfunan farko na Tsafe suka fara bayyana. Shehu ya tambaya ko akwai mai sauka kafin tasha. Buba ya ce akwai.