Fiffiken da Inna Ta Kulle a Ɗaka

Idan uwa ta ba da umarni don tsoron kada ɗanta ya mutu, babban ɗanta kuma ya bi alhali ya san umarnin ne mai hatsarin, a wuyan wa alhakin yake? An juya tambayar nan gaba da baya, har yau ba a samo mata kai ba. Maƙeri ma, da abin ya faɗa wa, bai samo ba.

Maƙeri shi ne babban ɗan Inna, gyaran jikin mota yake yi. Ƙaninsa Auta kuwa tseren mota ya sa a gaba, kuma motar tseren aikin hannun Maƙeri ce tun daga ƙusa har fenti. Shi ya huda mata ramuka biyu a gaba, masu zuƙo iska su kai wa birki kada ya ɗau zafi. Shi ya sa mata faffaɗan leɓe a ƙarƙashin hanci. Daga ƙarshe ya kafa mata fiffike a baya, bisa ƙafafu biyu na ƙarfe.

Ranar da ya gama, Inna ta shigo garejin da kwanon abinci, ta tsaya tana kallo.

"Wannan fa? Tebur kuka ɗora wa mota?"

"Fiffike ne, Inna," in ji Auta yana washe baki.

Fara'arta ta ɗauke. "Fiffike? Gudun da yake yi a ƙasa bai ishe ku ba, sai kun tashe shi sama?"

Maƙeri ya goge hannu ya yi mata bayani a hankali. Irin fiffiken jirgi ne, amma kifa shi aka yi. Na jirgi ɗagawa yake, wannan dannawa yake. Iya gudun motar, iya yadda iska ke tausa ta ƙasa, taya ya kama kwalta.

"In mun hau hanya ki miƙa hannu ta taga, ki ɗan sunkuyar da yatsu. Za ki ji da kanki."

"Hannuna ba na wasan yara ba ne. Duk abin da ke da fiffike tashi yake yi."

"Jimina fa, Inna?" in ji Auta.

"Rufe mini baki, mai wuyan jimina." Ta juyo ga babban. "In dai ni na haife ka, cire shi."

Ya buɗe baki, ya ga idonta ya kawo ruwa, ya rufe. Bai taɓa musa mata ba tun yana yaro. Ya ɗauko sufana ya kwance. Da kansa ya kai mata fiffiken gida, ta sa shi bayan kabad ɗin kayanta, ta kulle ɗakin.

Auta ko a jikinsa, don mota marar fiffike ta fi sheƙa gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Maƙeri ya ja shi gefe. Ya nuna masa leɓen gaba na nan yana danna hancin motar ƙasa, bayan kuwa babu mai riƙe shi.

"Ka sassauta a babbar kwana, ka ji ni?"

"Yaya, ka fara tsufa."

Ranar tsere Inna ta zo kallo, abin da ba ta taɓa yi ba. Hankalinta kwance, tunda a ganinta ta kawar da hatsarin da hannunta. Ita da Maƙeri suka tsaya bakin shinge. Auta ya fito miƙaƙƙiyar hanya kamar an harbo shi, ya wuce na gabansa, jama'a na ihu. Maƙeri shi kaɗai ya kafa wa babbar kwana ido.

A babbar kwana bayan motar ya zame. Ta juya a kaikaice, ta bugi gefen hanya, iska ta shiga ƙarƙashinta. Sai ga taya huɗu a sama, ana ganin cikin motar baƙi ƙirin. Ta wuntsila ta faɗa kan tarin tayoyin kariya.

Filin ya yi tsit. Inna ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati ba. Bakinta a buɗe, hannunta ya ƙanƙame shinge, sai da Maƙeri ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

An zaro Auta da ransa, hannu a karye, haƙarƙari a tsage. A gadon asibiti, numfashi ma da ƙyar, ya dube su.

"In na warke zan koma. Da fiffike ko babu."

Babu wanda ya yi mamaki. Sun san halinsa.

Da la'asar Maƙeri ya tuƙo janwe, mai ɗaukar matattun motoci, gawar motar na ɗaure a baya, Inna na gefensa. Sun yi nisa kafin ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta tashi. Na cire mata fiffike, ta tashi."

Sai ta tambaye shi:

"Ka san haka za ta faru?"

"Na san tana iya faruwa."

"Kuma ka cire."

"Ke kika ce, Inna."

Ta juyo ta zuba masa ido kamar yau ta fara ganinsa. "Da na ce ka ba shi guba fa?"

Sitiyari ya yi masa nauyi a hannu. Wata tirela ta wuce su, da hularta mai santsi bisa kai tana tsaga iska, janwen ya ɗan girgiza.

Can sai ya ji ana murɗa gilashin taga. Inna ta naɗe hannun riga, ta miƙa tafinta waje. Iska ta ɗaga shi sama, ta zabura.

"Sunkuyar da yatsun," in ji shi.

Ta sunkuyar. Hannun ya yi ƙasa da ƙarfi, kamar wani ya dafa shi. Ta ɗago, ta sake, ya sake yin ƙasa. Ta daɗe a haka, iska na kaɗa mayafinta. Ba ta janye hannun ba, da ɗayan ta kwance mabuɗin ɗakinta daga bakin zane, ta ajiye masa a cinya.