Awakin Da Suka Kai Mu Godiya

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, kuma ko a aji in mushe, wato malami, ya kira sunana sai murya ta maƙale mini. Na so a ce wani ne ya rubuta wannan. Amma Madam Sa'a ta ce idonta ya yi rauni, Inna Ajuma ta ce ita nono take sayarwa, shi kuwa Kumandan jaki ne. Shi ya sa abin ya faɗo kaina. Sunana Juwairiyya, ina lise, wato babbar sakandare, a nan Dogon Dutsi.

Kumandan tsohon jakin amalanke ne. Wata babbar mota ta buge shi a bakin gudron, titin kwalta, mai shi ya duba ƙafar, ya kwance igiyarsa ya yi tafiyarsa. Madam Sa'a, wadda ta yi ritaya daga ma'aikatar kiwo, ita ta ɗora masa ƙafar, ta roƙi Alhaji Maikano aron kangon da ke bayan magazarsa, wato babban shagonsa. Haka gidan marayun dabbobi ya fara. Sannu a hankali aka samu wata tunkiya makauniya, da kyanwoyi, da wani zabo da ba wanda ya san inda ya fito. Ba a biyan kowa ko dala. Matan unguwa na kawo ƙanzo da ruwan tsari, mai kai ruwa yana zuba mana jarka biyu in zai wuce.

Ni gaskiya karatu ya fara kai ni. Gidanmu ƙanne sun yi yawa, ba inda za ka buɗe littafi ba a zuba masa kunu ba. A kangon akwai inuwar itacen bedi, wato dogon yaro. Nakan zauna ina karantawa a bayyane, Kumandan ya ɗora haɓarsa a kafaɗata yana lumshe ido. Shi kaɗai ne a duniya nake iya yi wa karatu murya ba ta rawa.

Da bazara ta shigo, harawa ta yi tsada, dusa ta zama abin ɓoyewa a ɗaka. Wata safiya muka tarar da akuya a ɗaure a ƙofar kango. Madam ta ce, "Wayyo, baiwar Allah," ta shigar da ita. Kashegari biyu. Kafin wata ya ƙare kangon ya cika da awaki, kowace da igiya mai kyau a wuya, kowace da ciki. Ba wadda ta yi kama da marainiya. Mutanen gari sun gano cewa akwai inda ake ciyar da akuya kyauta, a yi mata allura kyauta, in damina ta sauka ciyawa ta fito sai mutum ya zo da hannu a ka yana cewa ga akuyarsa da ta ɓata.

A cikinsu akwai wata ja mai tsagaggen kunne. Mamata ta ce mini ta aika da jar akuyarmu Dumega wajen Kawu. Kwana ɗaya da maganar na same ta a ƙofar kango tana tuƙa. Na yi kamar ban san ta ba. Ita ba ta yi kamar ba ta san ni ba. Duk inda na juya tana biye da ni tana kuka, har Madam ta ce, "Juwairiyya, ke fa jininki ya haɗu da dabbobi." Na ce, "I, Madam."

Abincin da ke isar Kumandan sati ya koma ba ya kwana biyu. Haƙarƙarinsa suka fito. Sai kuma awakin suka gano wata kafa a katanga, suka shiga magazar Alhaji, suka ci kwalayen shayi da rabin buhun sukari.

Alhaji Maikano ya shigo kangon yana riƙe da guntun kwali.

"Madam, mi na yi miki?"

"Alhaji, a yi haƙuri, za mu toshe kafar."

"Jaki guda kika ce mini. Jaki guda! Yanzu ki duba. Wanga kango ne ko kasuwar bisashe? Ran Juma'a ina son wurina. In kuma jakin ne ba ki da inda za ki kai shi, akwai mai sayen fata, ya ma tambaye ni."

Na kalli Kumandan. Yana can yana ƙoƙarin cin bangon littafina. Na bar masa.

Ran Laraba da hantsi Inna Ajuma ta biyo. Tsohuwar Bafulatana ce, daga rugarsu take kawo nono, kullum takan tsiyaya wa kyanwoyinmu na ƙasan ƙwarya. Ta daɗe ba ta shigo ba saboda ciwon ƙafa. Ta sauke ƙwarya, ta bi awakin da ido, ta shafa cikin wannan, ta duba haƙorin waccan.

"Barka, Madam! Ashe haka mutanen gari ke son ki. Kin je godiya?"

"Godiyar mi, Inna?"

"Ta habbanaye mana."

Na san kalmar, don kakata takan faɗe ta. A wajen Fulani, in mutum na ƙaunarka kuma ya ga ba ka da shi, sai ya ɗaure maka macen dabba. Ka kiwata ta, ta haihu, ɗan ya zama naka, uwar ta koma wa mai ita. Abu ne na girma, kuma wanda ya bayar ana yaba shi har jikokinsa.

Madam ta yi dariyar takaici. "Inna, ba habbanaye ba ne. Yar da su aka yi."

"A yar da akuya mai ciki?" Inna Ajuma ta dafe ƙirji. "Kar ki ƙara faɗa, ki ja wa mutane zunubi. Ba mahalukin da zai yi haka. Kunya ce ta sa suka ɗaure suka gudu, masu alheri haka suke. Ke ce dai ba ki kyauta ba. An ba ki dukiya har wata guda, ko sannu ba ki kai ƙofar kowa ba. Wa ya rene ki?"

"To ai ban san masu su ba."

"Su awakin ba su san gida ba? Ki kwance su da la'asar ki bi bayansu."

Madam ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Sannan ta ce mini, "Ɗiyata, tahi ki kira mini Mani." Mani shi ne mai shelar unguwarmu, kuma maroƙi ne, in ya kama sunanka da lasifika har bayan dutse ana ji.

Ran Alhamis da la'asar muka jeru. Madam ta ci kwalliya kamar za ta suna. Inna Ajuma ta ɗauko ƙwaryar fura ta godiya. Mani da lasifika. Ni aka ba ni igiyar Kumandan, don Madam ta ce in ana tafiya godiya ba a barin dattijon gida a baya. Aka buɗe ƙofa. Awakin suka ɗan yi cirko-cirko, sai wata baƙa ta ɗaga kai ta miƙe, sauran suka bi.

Alhaji Maikano na zaune a ƙofar magaza. Da ya ji abin da za a yi, ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wallahi sai na ga masu wanga aiki da idona." Ya rufe magaza ya biyo mu.

Baƙar akuyar ta ratsa ta bayan masallaci, ta yi kwana, ta shige wani gida mai koren ƙofa ba ko sallama. Gidan Mushe Sanusi ne, malaminmu na lissafi. Na ɓuya bayan kunnen Kumandan.

Mushe ya fito da singileti, ya ga akuya, ya buɗe baki. "Alhamdulillahi! Akuyata da ta ɓa..."

Mani bai bari ya ƙarasa ba. "Jama'a ku fito ku ga mai kyauta! Sanusi na Fadila, mai alli da alheri! Wanda ya ɗaure wa marayu akuya mai ciki, ya ɓoye sunansa don kar a gode masa!"

Maƙwabta suka firfito. Inna Ajuma ta durƙusa ta miƙa masa ludayin fura, tana ta sa albarka, tana cewa in ta haihu ɗan na marayu, uwar kuma za a dawo masa da ita da ƙiba. Mushe ya kalli mutane, ya kalli akuya, ya kalli fura. Mutumin da ke sa aji guda rawar jiki, sai ga shi yana cewa, "Ai ba komai, ai yi wa kai ne."

Madam ta matsa kusa da shi ta yi ƙasa da murya, amma na ji. "Mushe, ko ka bar ta, ɗan namu. Ko ka riƙe abarka yau, ka ba mu damin harawa na wahalar da muka sha. Duk wanda ka zaɓa, Mani zai yaba."

Ya shiga ciki ya fito da dami. Aka ɗora wa Kumandan, ba don ya ɗauka da nisa ba, don dai mutane su gani. Shi kuwa ya juyo da wuya ya fara ci tun a hanya.

Haka muka yi ta bi. Gidan mai gyaran babur, gidan wata ungozoma, gidan wani da ke sahun gaba kullum a masallaci. Wata mata da ta hango mu ta rufe ƙofa da sakata, akuyar ta zagaya ta haura ta inda ta saba. Wasu suka ba da harawa, wasu dusa, wani tsoho da yabon ya shige shi ya ce a bar tasa habbanayen gaske. A kowace ƙofa Alhaji Maikano ne ya fi kowa dariya. "Kai, har da kai, Malam? Mutane ba su da kunya!"

Saura huɗu: farare uku masu ƙiba da kullum suke tare, sai jar nan da ke manne da zanena.

Fararen suka nufi wajen kasuwa. Alhaji na tafe yana ba Mani labarin kwalayen shayinsa, yana cewa waɗannan ukun su ne shugabannin ɓarnar, ya gane su. Muka wuce famfo. Ya rage dariya. Muka shiga wani layi mai faɗi. Ya daina magana. Awakin suka tsaya gaban wani babban gida mai ƙofar ƙarfe, ɗaya ta sa kai ta tura ƙaramar ƙofar, suka shige a jere.

Mani ya sauke lasifika ya dube shi. "Alhaji, in fara?"

Kafin ya amsa, Hajiya Mubaraka, matarsa, ta leƙo. Ta ga taron, ta ga mijinta, ta ga awakinta suna shan ruwa a bahon wanki. Daga baya muka ji cewa tun farkon bazara take ce masa a sayi dusa yana cewa gobe. Shi kuwa bai taɓa leƙa bayan gida ba balle ya san kamannin awakin. Hajiya ta gyara mayafi.

"Ai Alhaji ne ya ce a kai muku," ta ce. "Ya ce kar a faɗa wa kowa. Haka halinsa yake."

Mani ya ɗaga lasifika sama. "Maikano na Mubaraka! Wasu sun ba da ɗaya, shi ya ba da uku! Ya ba da kango, ya ba da akuya, har shayi da sukari ya ba su suka ci!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Inna Ajuma har da hawaye, tana cewa ita tun da ta ga goshinsa ta sani. Mutanen da Alhaji ya yi wa dariya a ƙofofinsu duk suna nan a bayanmu, su suka fi kowa tafi. Mushe Sanusi ya matso ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Alhaji, mutane ba su da kunya, amma kai daban ne."

Madam ta jira guɗar ta lafa, sannan ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Alhaji, to maganar gobe Juma'a fa? Da wane lokaci za mu kwashe?"

Alhaji ya share zufa da hannun riga. Ya dubi Kumandan, wanda ke tsaye da harawa a baki.

"Wace Juma'a? Ni na ce Juma'a?" Ya yi gyaran murya. "Cewa na yi ran Juma'a za a zo a toshe kafar katanga. Jakin ga kuwa, ba mai taɓa shi muddin ina da rai. A kai musu amalanken harawa." Ya juya wajen Hajiya ya yi ƙasa da murya. "Ke kuma za mu yi magana."

"In an sayo dusa," in ji ta.

Na sa fuskata a wuyan Kumandan don kar a ga idona. Yana warin harawa da tsufa.

Sai na ji zanena ya yi sauƙi. Na duba. Jar akuyar ta sake ni, ta ɗaga tsagaggen kunnenta tana shaƙar iska, ta doshi layin da ke bi ta bayan lakwal, makarantar yara. Wannan layin ba ya zuwa Dumega.

"Saura ɗaya!" in ji Mani. "Ku taho mu ga ɗan albarkan ƙarshe!"

Taron ya juya gaba ɗaya, har da Alhaji, wanda dariyarsa ta fara dawowa. Na san a rumbunmu akwai damin harawa biyu da Mama ke ɓoyo, na kuma san wani lungu zuwa gidanmu da ya fi hanyar akuya kusa. Na ɗaure igiyar Kumandan a jikin ƙofar Alhaji, na cire takalmana na riƙe a hannu, na sulale ta bayan masu guɗa.