Ginshiƙin Lauriyon

Bayan azahar na kishingiɗa a rumfar da ke bakin ramina na zinariya, zuciyata ba daɗi. Da safe na umarci ƙanena Sallau ya sauka da mutanensa su sare ginshiƙin dutsen da muka bari yana riƙe da rufin ramin, don zinariya na ƙyalli a jikinsa. Ya ce, "Yaya, shi ke ɗauke da mu fa." Na ce tsoro ne kawai. A haka barci ya sace ni.

Sai ga wani tsoho mai tabon sarƙa a idon sawu, riƙe da fitilar yumɓu. Ya ja ni zuwa wani gari bisa tsaunuka masu ramuka, teku na dukan gindinsu. Ya ce wannan ita ce Lauriyon ta ƙasar Girka, kudu da birnin Atina, inda ƙasa ta tsuke ta shiga ruwa. Nan bayi irinsa suka haƙo azurfar da birnin ya yi taƙama da ita, yanzu kuwa nan ake hukunta iyayen gijinsu.

Na ga masu ba da hayar bayi suna rarrafe cikin ramukan da ba a miƙewa, gwiwoyinsu sun cinye har ƙashi. Na ga masu murhun narka dalma suna shaƙar hayaƙinta, an hana su ko tari. Shugabannin da suka karɓi rabonsu suka kau da kai kuwa, an sunkuyar da su a bakin rami, idanunsu ba sa rufuwa.

Can ƙasa muka tarar da wani mutum tsaye, dutsen gaba ɗaya a kafaɗarsa. Tsohon ya ce mutumin nan ginshiƙi ya sare saboda azurfar da ke jikinsa, rami ya rufta wa bayi, shi ne aka tsayar da shi a gurbinsa.

Na ce, "Baba, yaushe za a sauke masa?"

Ya ce, "Sai waɗanda ya binne sun fito sun yafe. Hanyar fitarsu kuwa shi ya toshe ta."

Kusa da mutumin akwai wani gurbi ba kowa. Na tambayi na wane ne. Sai tsohon ya ɗaga fitila yana duban kafaɗuna kamar tela mai awo.

Na farka jiƙe da gumi ina salati. Na yi wa Allah alkawari ko zinariyar duniya ce a ginshiƙin nan ba za a taɓa shi ba. Na yunƙura in je in kira Sallau, sai na ji ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tabarmata.