Tiren Tantabarun Ustaz Shaukat

Ustaz Shaukat malalaci ne mai son cin bulus, kuma duk garin Damanhur na ƙasar Masar ba wanda zai musa. Ya daɗe yana mataimakin shugaban wata makarantar firamare, yana hangen kujerar shugaba kamar kura ta hango akuya. Da aka ce ba mai hawa kujerar sai ya ci jarrabawar baka a kan kundin tsarin mulki, sai ya sayo kundin ya mayar da shi matashin butar shayi.

"Abu Hisham, ka buɗe littafin nan mana," in ji matarsa Awatif, mai kiransa da sunan ɗansu. "Duk shayi ya ɓata bangon."

"Ke dai ba ki san duniya ba. Jarrabawa ta ciki ake cin ta. Gasa min tantabaru, ki ɗura musu shinkafa har wuya."

Ta gasa, ta jera su a babban tiren tagulla na aurensu, wanda aka zana sunayensu a gefe. Ya kinkima sai gidan Dakta Ra'afat, shugaban masu jarrabawar. Bai same shi ba, sai mahaifiyarsa Hajja Nabawiyya ta karɓa tana ta sa albarka. Don iyayi har ya gaya mata ranar Talata zai gana da ɗanta a ofishin ilimi. Ya manta abin da ko jariri ya sani: 'yar mutunci ba ta mayar da tire wayam.

Ranar Talata ya zauna gaban mutum uku, yana yi wa Dakta murmushin mun-san-juna. Dakta ko a jikinsa.

"Ustaz, me kundi ya ce game da ba wa 'yan ƙasa dama daidai wa daida?"

Shaukat ya gyara murya. "Ai ranka ya daɗe, dukkanmu 'ya'yan Adamu ne."

"Wannan huɗubar Juma'a ce," in ji Ustaza Ihsan da ke hannun dama. "Sashen kundi aka tambaye ka."

Yana cikin lalube sai ƙofa ta buɗe. Hajja Nabawiyya ta shigo tana haki, masinja na bin ta yana roƙo, tire a kanta shaƙe da basbusa, kayan zaƙin nan na Masarawa.

"Ina mai tantabarun? Yauwa, ga ka! Ɗana, ban san gidanka ba, na ce in riske ka a nan. Ra'afat, ka yi masa godiya, kai kaɗai ka ci huɗu."

Dakta ya dafe ciki. "Umma, ba ke kika gasa su ba?"

"Ni da wannan gwiwar?"

"Hajja, kin ɗauke ni wani ne," in ji Shaukat.

Ustaza Ihsan ta jawo tiren, ta gyara tabarau, ta karanta gefensa a hankali: "Shaukat da Awatif, Allah ya ba da zaman lafiya." Ta ɗago kai. "Amin. Wannan ce amsa ta farko da ta fito daidai yau."

Wanda ya ƙi jin bari, ya ji hoho. Aka hana shi sake zama jarrabawar har shekara uku, aka sauke shi daga mataimaki, aka tura shi makarantar ƙauye, inda aikinsa kullum da safe shi ne karanta wa yara sashe ɗaya na kundin.